Tambaya: Me ya sa mastad ɗin da na shuka daga gwangwani ɗaya ya fito iri-iri?

Manomin Daberam ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da malamai da manoman da ke wannan zaure, da fatan an kammala aikin rani lafiya. Ni manomin rani ne a ƙasar Daura, ina da 'yan fangaloli kusa da madatsar ruwa ta Daberam, kuma abin da na saba nomawa shi ne alkama da albasa da kabeji, sai ɗan lansir saboda iyali. A ranin da ya wuce na yi wani gwaji wanda har yanzu ban gane kansa ba, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Wani mai sayar da kayan ƙamshi a Katsina ya sayar mini da gwangwani ɗaya na ƙwayar da yake kira hardal, wadda 'yan boko ke ce wa mastad. Ya ce mini a Indiya mai ake matsa daga cikinta, kamar yadda muke yi da gyaɗa da riɗi. Tun ina yaro nake jin sunanta a wajen tafsiri, inda malamai kan fassara ta da ƙwayar komayya saboda ƙanƙantarta, amma ban taɓa ganin tsironta ba. Sai na ware fangali shida na watsa ta a makon ƙarshe na Nuwamba, rana ɗaya da alkamata, na kuma ba su taki ɗaya da ruwa ɗaya.

Tsiro ya fito gwanin sha'awa, amma da aka yi wata guda sai fangalolin suka zama kamar kowa ya zo da nasa irin ya zuba. Wasu sun yi fure tun kafin su cika kwana 40, tsayinsu bai wuce ƙugu ba. Wasu kuwa ganye kawai suka yi ta yi, ba su nuna fure ba sai bayan wata biyu, har suka zarce ni tsawo, iskar hunturu ta kwantar da rabinsu. Akwai masu reshe tun daga gindi, akwai waɗanda suka miƙe sanda guda. Da zafi ya fara shigowa, na bayan nan furensu ya riƙa zubewa, 'yar ƙwayar da suka yi kuma ta motse. Wani kashi kuma tun ban kai ga yanka ba kwansonsu ya fashe, ƙwayar ta tafi ƙasa. Da na sussuke abin da ya samu, na ga launi uku a faranti: akwai ruwan ƙasa, akwai baƙa ƙanana ƙwarai, akwai kuma rawaya.

Allah Ya sa na ɗan yi dabara, domin tsirrai kamar 20 da suka fi burge ni na yanke su daban, kowanne na ɗaure shi a ledarsa. Abin da nake son sani shi ne, wannan bambanci daga irin yake ko daga ƙasata? Idan na shuka waɗanda na ware a hunturu mai zuwa, za su fito kamar iyayensu? Kuma a nan ƙasarmu wace siffa ya kamata mutum ya fi dubawa wajen zaɓe?

Tsohon Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa albarka. Na daɗe ina aikin malamin gona tsakanin Jibiya da Ajiwa da Dutsin-ma kafin in yi ritaya, kuma na saba, duk lokacin da manomi ya ce mini iri ya yaudare shi, in fara zagaya gonar tukuna kafin in buɗe buhun irin.

Ka ce ruwa ɗaya ka ba su, amma kai kanka ka san fangalin da ke bakin hanyar ruwa ba abin da na ƙarshe ke sha yake sha ba, kuma a cikin fangali ɗaya ma akwai kwari inda ruwa ke kwanciya, akwai tudu inda yake saurin tsanewa. Sannan ka ce watsawa ka yi, kamar yadda ake yi wa lansir. Inda ƙwayar ta taru tsiron zai miƙe siriri yana neman rana, ba reshe, na bakin kunya kuwa da ya sami fili sai ya baje ya yi rassa har ka ɗauka wani iri ne dabam. Ina jin tsoron cewa da yawa daga cikin 20 ɗin da suka burge ka na bakin kunya ne. Masu nomanta a Indiya a layi suke shukawa, tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakanin layi da layi, sannan su rage tsiro ya zama santimita 10 zuwa 15 tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma kilo 4 zuwa 5 kan ishi hekta guda.

Abu na biyu shi ne lokaci. Mastad shukar sanyi ce. A jihar Rajastan, wadda ta fi kowace jiha nomanta a Indiya, a watan Oktoba ake shukawa, a yi girbi a Fabrairu ko Maris. Mu kuwa sanyinmu gajere ne, kuma da zarar Fabrairu ya yi nisa zafi ya kunno kai. Matsalar da muke fama da ita a alkama ke nan: wanda ya makara da shuka, zafin bazara zai riski alkamarsa tana cika ƙwaya, ya kwashi tsumburarriya. Haka kuma wannan shuka tana son sinadarin farar wuta fiye da hatsi, ƙasar Daura kuwa rairayi ce mai saurin wankewa, don haka takin supa ya fi dacewa da ita a lokacin shuka, tunda yana ɗauke da shi.

Duk da haka ban wanke irin ba. Abin da ka saya kayan ƙamshi ne, ba iri ba ne, kuma ɗan kasuwa ba ruwansa da cewa buhun da ya zo masa daga gona ɗaya ya fito ko daga gonaki ɗari. Da za ka ji ta tawa, da ka bar wahalar da kanka da zaɓe. Fitar da iri aikin cibiyoyi ne, irin su cibiyar Samaru ta Zariya da ta fitar da wake da gyaɗa da dawa masu suna, ko ta Badeggi da ke kula da riɗi. Idan mai kake so, riɗi na nan, ka san nomansa, kuma kasuwarsa a buɗe take har Dawanau.

Malama Mai Binciken Iri ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba, Allah Ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa kan tazara da lokaci haka yake. Sai dai ina neman izini in ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Cunkoso da ƙarancin ruwa suna iya rage tsawo da yawan reshe, amma ba za su mayar da baƙar ƙwaya rawaya ba, kuma da wuya su sa tsiro biyu da ke maƙwabtaka a fangali ɗaya su yi tazarar mako uku wajen fure. Wannan kam gado ne.

Malam, kafin a yi maganar layukan iri, ina zargin abin da ke cikin gwangwaninka ba ma jinsi ɗaya ba ne. Sunan mastad ya haɗa tsirrai da yawa. Akwai Brassica juncea, wadda ita ce ake matsa mai da ita a Indiya, ƙwayarta ruwan ƙasa ko rawaya, kwansonta santsi ne, tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 5, yana ɗan buɗewa daga jikin kara. Akwai Brassica nigra, mai baƙar ƙwaya ƙarama, doguwa ce, kwansonta gajere ne wanda ke manne da kara kamar an ɗaure shi, kuma ta yi ƙaurin suna wajen fashewa, abin da ya sa manoman ƙasashe da yawa suka bar ta suka koma ta farkon. Sai Sinapis alba, wadda ake kira fara, ƙwayarta ta fi girma, launinta rawaya mai haske, kwansonta na da gashi da dogon baki mai faɗi, yana miƙewa gefe. Ka koma ledojinka ka duba kwanson, sannan ka tauna ƙwaya kaɗan daga kowace: ta ruwan ƙasa da baƙa yajinsu hanci yake hawa, ta farar kuwa a harshe yake tsayawa, kuma bai kai nasu ƙarfi ba.

Dangantakar waɗannan tsirrai tana da ban sha'awa, kuma kabejin da kake nomawa yana cikinta. A 1935 wani masani ɗan asalin Koriya da ke aiki a Japan, Woo Jang-choon, ya nuna cewa jinsi uku ne tushe: Brassica rapa mai kuromosom 20 (wato zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta), da nigra mai 16, da oleracea, wato dangin kabeji, mai 18. Barbara tsakaninsu biyu-biyu ita ta haifar da wasu jinsi uku. Rapa da nigra suka ba da juncea mai 36, rapa da oleracea suka ba da napus mai 38, wadda daga gare ta aka fara samun man girkin da ake kira kanola, nigra da oleracea kuma suka ba da carinata mai 34, wadda Habasha ta daɗe tana nomawa. Amfanin sanin wannan ga manomi shi ne halinsu wajen barbara ya bambanta. Juncea mafi yawa kanta take yi wa barbara, ko da yake ƙudan zuma kan ɗauko bununin maƙwabta su gauraya wani kaso. Nigra da fara kuwa ba sa karɓar bununin kansu, dole sai na wani tsiro, don haka 'ya'yansu ba sa taɓa fitowa sak kamar uwa.

To ko da an ware juncea zalla, za a ga bambanci, kuma a kan wannan bambancin ne aikinmu ya ginu. Abin da muke kira layi shi ne zuri'ar tsiro guda, wadda aka bari tana yi wa kanta barbara shekara bayan shekara. A kowane zagaye gaurayen gadon da ke cikinta kan ragu da rabi, ta yadda bayan zagaye 6 ko 7 'ya'yan sukan zama kusan abu ɗaya. Idan ka jera irin waɗannan layuka a gona ɗaya za ka ga wani ya nuna a kwana 110, wani sai ya kai 140 ko fiye, wani bai fi mita ɗaya da kaɗan ba, wani ya kai mita biyu, nauyin ƙwaya 1,000 kuma ya kama daga kamar giram 3 zuwa 6. A Indiya akwai cibiya sukutum a Bharatpur, cikin Rajastan, wadda aikinta ke nan, kuma sanannun iri kamar Varuna da Pusa Bold ta irin wannan tankaɗe da rairaya suka fito.

Game da tambayarka ta biyu, wani masani ɗan Denmak, Wilhelm Johannsen, ya amsa ta da wake tun 1903. Ya ware layuka 19 daga wake iri ɗaya na kasuwa, ya ga cewa layukan sun bambanta da juna wajen nauyin ƙwaya, kuma bambancin yana bin zuri'a. Amma a cikin layi guda, ko ya shuka ƙwaya mafi girma ko mafi ƙanƙanta, matsakaicin nauyin 'ya'yan bai sauya ba, domin wannan girman na ci da sha ne, ba na gado ba. Abin da ido ke gani a gona ke nan kullum: gado da wuri a cakuɗe. Baba ya yi maganar rabi ɗaya, ni na yi maganar ɗaya rabin, kuma ba wanda zai iya raba su da kallon tsiro guda. Sai an shuka 'ya'yansa an gani.

Shi ya sa nake ganin ledojin nan 20 da ka ɗaure daban su ne abu mafi daraja da ka samu a ranin nan, sun fi abin da ka sussuka a faranti. Kada ka haɗa su. Ka ba kowace lamba, ka shuka kowace a layinta mai tsawon kamar mita 3, da tazarar da Baba ya faɗa. Sannan ka maimaita jerin sau uku a wurare uku na gonar, ɗaya kusa da bakin ruwa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, kuma a kowane wuri ka jefa ƙuri'a wajen jera lambobin, don kada lamba ɗaya ta riƙa samun wuri mai daɗi kullum. Wannan tsari na maimaitawa da ƙuri'a Ronald Fisher ne ya kafa shi a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, kuma har yau da shi muke aiki. Layin da ya yi fice a wuri ɗaya kawai, wurin ne ya taimake shi. Wanda ya yi fice a duka ukun, shi ne abin riƙewa.

Manomin Daberam ya sake rubutawa:

Baba da Malama, na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na shimfiɗa tabarma na zazzage ledojin ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da Malama ta faɗa na gan shi da idona. Leda uku kwansonsu gajere ne, a manne da kara, kuma kusan babu ƙwaya a ciki, duk ta zube a gindin ledar, baƙa ƙanana. Leda biyu kwansonsu na da gashi mai kaushi da dogon baki kamar wuƙa. Sauran 15 duk masu santsi ne, 4 daga cikinsu ƙwayarsu rawaya ce, 11 ruwan ƙasa. Na tauna ta ruwan ƙasan, sai da hawaye ya zubo mini, yara suna ta dariya.

Wani abu da na lura da shi kuma shi ne, ko leda ɗaya babu mai launi biyu a ciki, kowane tsiro launin ƙwayarsa ɗaya ne. Maganar Baba ma ta tabbata, domin da na tuna, fiye da rabin waɗanda na zaɓa a bakin kunya suke, girmansu ne ya ja hankalina. Na manta kuma ban faɗa ba cewa darɓa ta sauka a kan masu makarar fure wajen ƙarshen Janairu, ta lulluɓe kan furen har ya yi danƙo, amma waɗanda suka riga suka yi kwanso ba ta yi musu wata ɓarna ba. Yanzu a cikin 15 ɗin nan, me zan riƙa aunawa, tunda ba ni da kayan aiki irin naku?

Mai Injin Matsar Mai ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni ba manomi ba ne, ina da injin matsar man gyaɗa da na riɗi a cikin Katsina, kuma ina so in jawo hankalin Malam kan abin da zai biyo bayan girbi, tunda don mai aka fara maganar. Ƙwayar mastad ta Indiya tana da mai kamar kashi 35 zuwa 42 cikin ɗari, wato ta kusa kama ƙafar gyaɗa, amma manta ba irin wanda bakinmu ya saba da shi ba ne. Yana da yaji da wari mai ƙarfi, wanda mutanen Bangladash da gabashin Indiya ke so a girkinsu, ban kuwa ga uwargidan da za ta soya ƙosai da shi a nan ta sayar ba.

Bayan ɗanɗano akwai maganar lafiya. Man irin gargajiya na ɗauke da sinadarin erusik mai yawa, sama da kashi 40 cikin ɗari, kuma saboda shi ne hukumar abinci ta Amurka ba ta yarda a sayar da shi a matsayin man girki ba. Tunkuzarsa ma tana da sinadarin yajin nan, don haka ba a cika wa dabbobi ita kamar yadda ake yi da ta gyaɗa. Mutanen Kanada sun shawo kan wannan ne ta hanyar zaɓen iri: Baldur Stefansson da Keith Downey su ne suka jagoranci aikin, aka fitar da irin da ake kira Tower a 1974, daga baya aka raɗa wa irin wannan mai suna kanola, wanda ƙa'idarsa ita ce erusik ya gaza kashi 2 cikin ɗari. Abin da nake nufi shi ne, akwai siffofin da ba a gani a gona, kuma layin da ya fi kyau a fangali yana iya zama wanda ba shi da mai saye.

Sai gargaɗi guda. Akwai ciyawar nan mai ƙaya da rawayan fure da rawayan ruwa idan an karya ta, wadda ake kira kwarko, wasu kuma haƙorin kada, tana fitowa a fadamu da rani. Ƙwayarta baƙa ce ƙarama, tana kama da ta mastad ƙwarai, manta kuwa guba ne. A 1998 man mastad da aka gauraya da nata ya kwantar da dubban mutane a Delhi da ciwon kumburi, wasu suka rasu. Duk wanda zai noma mastad a fadama ya tumɓuke ta tun kafin ta yi 'ya'ya.

Malama Mai Binciken Iri ta sake amsawa:

Alhaji, maganarku tana kan hanya, kuma erusik ba a gane shi sai a ɗakin gwaji. Indiya ma ta fitar da juncea mai ƙarancinsa, irin su Pusa Karishma, amma kada Malam ya sa rai cewa zai tsinci irin wannan a gwangwanin mai kayan ƙamshi. A yanzu abin da gwajinsa zai iya amsawa shi ne ko akwai layin da zai iya kammala rayuwarsa a cikin ɗan sanyinmu. Idan babu, maganar mai ba ta ma taso ba.

Malam, abin da ka gani na launi ɗaya a kowace leda daidai ne, domin fatar ƙwaya daga jikin uwa take, don haka gadon uwar take nunawa, ko da bununin wane tsiro ya sauka a furen. A juncea ruwan ƙasa ne ke rinjayar rawaya, saboda haka mai rawaya ta fi saurin tsayawa a kan launinta, mai ruwan ƙasa kuwa tana iya ɓoye rawaya a cikinta ta fito da ita a jikoki. Ka kula da ledojin rawayan nan huɗu, domin ƙwaya rawaya fatarta ta fi siranta, kuma galibi ta fi mai.

Awon ba ya bukatar kayan aiki masu yawa, littafi da biro da igiyar awo sun isa. Abu na farko, kuma a ganina mafi muhimmanci a Daura, shi ne ranar da rabin tsirran layi suka buɗe fure, da ranar da kwanso ya yi rawaya. Wannan siffa tana bin gado sosai, ba ta cika yaudara ba. Ka yi lissafi da kanka: layin kwana 115 da aka shuka a makon farko na Nuwamba zai nuna a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, amma na kwana 140 da aka shuka a ƙarshen Nuwamba sai tsakiyar Afrilu, lokacin da ko mutum neman inuwa yake. Ita ma darɓar da ka ambata saurin nuna ne ke tserar da shuka daga gare ta, kuma a Indiya shuka da wuri na cikin manyan hanyoyin kauce mata. Wani abin kuma, nau'o'in da aka saba nomawa a Kanada da Turai da bazararsu doguwar rana suke so kafin su yi fure, mu kuwa a hunturu ranarmu ba ta cika awa 12 ba, don haka suna iya zama suna ta ganye. Kishiyar halin kanannado da maiwa ke nan, waɗanda su sai rana ta gajarta suke fure.

Bayan wannan sai tsawo, wanda za ka auna a tsirrai biyar na tsakiyar layi, ban da na baki, tare da rubuta ko layin ya kwanta. Sai yawan kwanso a kan babban kara, da yawan ƙwaya a kwanso goma. Nauyin ƙwaya kuwa, ka ƙirga 200 ka kai wa mai sikelin zinariya ya auna maka, ka ninka sau biyar. Abin da ba na so ka dogara da shi shi ne yawan amfanin tsiro guda, domin a cikin duk siffofin nan shi wuri ya fi juyawa. Ka auna na layi gaba ɗaya, a wurare ukun, ka haɗa. Kada kuma tsawo ya ruɗe ka kamar bara, doguwar mastad a iskar hunturu kwanciya take yi.

Saboda ƙudan zuma, a kowane layi ka zaɓi tsiro biyu ko uku ka rufe kan furensu da yankin tsohon gidan sauro tun kafin su buɗe, kuma ƙwayar da ta fito a cikin rufin ita za ka ajiye a matsayin irin baɗi. Wannan rufin zai ƙara tabbatar maka da jinsin, domin juncea za ta yi kwanso cike a ciki, baƙa da fara kuwa kusan fayau za su fito. Waɗannan biyar ɗin, in ma za ka shuka su, ka kai su can nesa da gwajin.

Tsohon Malamin Gona ya sake amsawa:

'Yata, Allah Ya yi miki albarka, na karɓi gyara a kan launi da ranar fure. Har yanzu dai ina nan a kan cewa Malam kada ya rage wa alkamarsa da albasarsa fili saboda wannan, kuma lissafin ma bai bukaci haka ba: layi 15 sau uku layi 45 ke nan, masu mita 3, abin da 'yan fangaloli kaɗan za su ɗauka.

Malam, ka fitar da ƙwayar daga leda tun yanzu, domin leda tana riƙe gumi, damina kuma na tafe. Ka shanya ta a inuwa ta bushe sarai, ka zuba kowace a ambulan ɗin takarda da lambarta, ka sa su a gwangwani mai murfi a ɗaki mai sanyi. Wurin gwajin kada ya zama inda ka yi kabeji bara, tunda danginsu ɗaya, ƙwarinsu da cututtukansu ma ɗaya. Ka gyara fangalolin tun ƙarshen Oktoba don ka shuka a makon farko na Nuwamba, kada ka binne ƙwayar fiye da santimita 2 ko 3. Idan lokacin yanka ya zo, kada ka jira duk kwanson ya bushe, da zarar kashi uku cikin huɗu ya yi rawaya ka yanka da sassafe, ka ɗaure kowane layi daban ka jingine shi a kan tabarma kamar riɗi. In Allah Ya kai mu Janairu da rai da lafiya, ka sanar da ni a nan lokacin da suka fara fure, ina so in zo Daberam in ga layukan rawayan nan huɗu da idona.